Na Je Ajantina Kallon Shanu, Na Dawo da Littafin Zane

Kwana biyu kafin na tashi na je Fagge yi wa Gwaggo sallama. Ta sa mini albarka, ta miƙo mini ƙullin dabino, sannan ta faɗi abin da take faɗa wa duk wani matafiyi a danginmu tun shekarar 2014: "Ɗan nan, ka riƙa duba fuskokin mutane. In ka ga yayanka, ka ce masa ya zo gida haka nan." Ɗanta direban babbar mota ne. Ya ɗauki kaya daga Maiduguri ya nufi kudancin Borno a wannan shekarar, daga shi har motar ba wanda ya sake jin ɗuriyarsu. Na ce mata to, kamar yadda kowa ke cewa. Ban tsaya yi mata bayanin cewa tsakanin Borno da Ajantina akwai teku guda ba.

Ni likitan dabbobi ne, kuma abin da ya kai ni shi ne baje kolin noma da kiwo da ake yi duk watan Yuli a Buenos Aires, wanda suke kira La Rural. Biza a ofishin jakadancinsu da ke Abuja na samo ta, bayan tarin takardu da katin allurar shawara. Kuɗin tikiti kuwa, da Wudil na kai su ranar Juma'a da na dawo da bijimai biyu masu tozo. Daga Kano sai Addis Ababa, daga can muka tsallaka Afirka da tekun Atlantika a zama ɗaya na kusan awa 12 zuwa São Paulo ta Barazil, aka sauke wasu, muka ƙarasa cikin awa uku. Babu abin faɗa a wannan tafiyar sai ciwon baya.

A filin jirgin Ezeiza ne na fara jin kunya. Jami'in shige da fice bai ɓata mini lokaci ba, ya ga fasfo ɗin Najeriya sai ya yi murmushi ya ce "Kanu", na ce masa "1996", ya dafe ƙirji kamar an soke shi. Har yau ba su manta da 3 da 2 ɗin da muka yi musu a wasan ƙarshe na Olamfik ba. Amma a wajen binciken kaya sai na'ura ta tona mini asiri. Kilishi ne rabin kilo uwargida ta naɗe a cikin rigunan sanyi. Ƙasar da arzikinta ya rataya a kan naman shanu ba ta wasa da naman waje, saboda tsoron cututtuka irin su ɓoru, wato ciwon baki da kofato na shanu, kuma ni ne mutumin da ke yi wa Fulani wa'azi a kan ɓoru a rugage. Matar ta duba takardar gayyatata, ta ga aikina, ta dube ni, ta girgiza kai. Ina kallo aka jefa kilishin a kwandon da za a ƙone. Laifin nawa ne, don haka ban ce uffan ba.

Na baro damina a gida na faɗa tsakiyar hunturu, domin a can Yuli ne lokacin sanyinsu. Ba irin sanyin Disamba na Kano ba ne mai busar da leɓe. Wannan jiƙaƙƙe ne, daga kogi yake tasowa ya shiga ƙashi. Agogonsu yana bayan namu da awa huɗu, rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe takwas. Masaukina ɗaki ne a gidan wani dattijo, likitan dabbobi da ya yi ritaya, a unguwar Palermo. Wani abokin aiki ne ya haɗa mu. Yana jin Turanci daidai gwargwado, yana kirana Dokta, ina kiransa Dokta, har matarsa ta gaji ta raɗa mana babba da ƙarami.

Washegari ya kai ni titin Florida canjin kuɗi. Da ka rufe ido sai ka rantse a Wapa kake: mutane a tsaye a bakin shaguna suna ta kiran "cambio, cambio". Arbolitos ake ce musu, wato ƙananan bishiyoyi, don a tsaye suke wuni kuma ganyensu koriyar dala ce. Dattijon ya ce kasuwarsu ta yi sanyi tun da gwamnati ta sassauta dokar canji a Afrilun 2025. Hauhawar farashi a ƙasar ta haura kashi 200 cikin 100 a 2023, har sai da aka buga takardar peso 20,000. Na ji wani irin sanyi a raina da na ga akwai waɗanda kuɗinsu ya fi naira shan wuya, Allah ya yafe mini. Abinci a gidan cin abinci ya fi ƙarfin aljihuna, sai na koma wa burodi da ƙwai da wani soyayyen fanke mai cuku a ciki da suke kira empanada. Gasasshen namansu ya cancanci sunan da ya yi, amma a kan waya guda ake gasa shi da tsiran alade da wani baƙin tsire na jini, don haka sai ranar Juma'a na ci nama, bayan an sauko daga masallacin Cibiyar Sarki Fahad, wanda Saudiyya ta gina aka buɗe a 2000. Shayinsu mate ne, ɗaci kamar maɗaci, a ƙoƙo guda da tsinken ƙarfe guda ake zagayawa da shi, irin zaman shayin Buzaye sak.

Shanun na gani. Na ga bijimin Angus da nauyinsa ya kusa tan guda, an taje masa gashi kamar ango. Wannan rahoto ne na ofis, na riga na rubuta shi.

Rana ta uku da dare dattijon ya ce mu je titin Corrientes, inda shagunan littattafai ke kaiwa tsakar dare a buɗe. Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka sauka a tashar Uruguay. A bangon tashar akwai wani babban zane a kan tayil: mutum cikin wata riga da ta rufe shi ruf, fuskarsa a bayan gilashi irin na masu nutso. Na tambaya ko wani sojansu ne. Ya tsaya cak, mutane suna ture mu, ya ce, "Dokta ƙarami, ka zo ƙasar nan ba ka san El Eternauta ba?" A daren ya ɗauko mini fassarar Turanci ta littafin daga kantar ɗansa, mai kauri kamar ƙamus. Ni da rabona da labarin zane tun ina firamare, na karɓa don kada na ƙi kyautar mai gida. Sai kiran asuba na wayata ya same ni a kansa.

Héctor Germán Oesterheld ne ya rubuta labarin, Francisco Solano López ya zana, aka riƙa fitar da shi mako-mako a mujallar Hora Cero daga 4 ga Satumba 1957 zuwa 1959. Ranar ce ma yanzu ƙasar ta ware a matsayin ranar labarin zane. Abokai huɗu ne ke karta a soron wani gida a bayan gari cikin dare, sai dusar ƙanƙara ta fara sauka, kuma duk wanda ta taɓa sai ya faɗi matacce. Sai da dattijon ya yi mini bayani na gane nauyin wannan: a Buenos Aires dusar ƙanƙara ta sauka a 1918, ba ta sake ba sai 9 ga Yuli 2007. Kamar ka ce wa Bakano ya leƙa taga ya ga teku a Kofar Mata. Mai gidan, Juan Salvo, ba soja ba ne, ɗan ƙaramin mai masana'anta ne da mata da 'ya ɗaya. Shi da abokansa suka ɗinka rigar nan daga tarkacen gida don su iya fita neman abinci. Daga baya aka gane cewa dusar makami ce, wasu halittu ne daga wata duniya suka kawo mamaya.

Abin da ya hana ni barci shi ne yadda marubucin ya tsara abokan gaba. Da farko manyan ƙwari ne kamar buzuzu, sai a gane akwai wata na'ura a wuyansu da ake juya su da ita. Sai mutanen da aka kama aka dasa musu irin wannan na'urar a ƙeya, suka koma harbin 'yan'uwansu. Sai masu juya na'urar, waɗanda ake kira Manos saboda yawan yatsun hannunsu. Kana cewa to ga shugabannin nan, sai a kama ɗaya, ya bayyana cewa su ma bayi ne: an ci duniyarsu da yaƙi, an dasa musu wani ƙullutu a jiki wanda ke zuba musu guba da zarar sun ji tsoro, don kada su taɓa tunanin tawaye. Yana cikin mutuwa a wani kicin sai idonsa ya faɗa kan butar kofi, ya ɗauke ta yana mamakin kyanta da shekarun da 'yan Adam suka yi kafin su iya ƙera irinta. Iyayen gijin na gaskiya kuwa, "Su" kawai ake ce musu, kuma har littafin ya ƙare ba a zana fuskarsu ko sau ɗaya ba. Duk wanda aka harbe a shafuka sama da 300, bawan wani ne. Na ajiye littafin na tuna da yaran da aka sace a ƙauyukan Borno aka ɗora musu bindiga, da kuratan soja 'yan shekara 20 da aka tura su yaƙe su.

Da safe na ce wa dattijon ina son ganin wuraren da ke cikin labarin, domin duk tituna ne na gaske. Plaza Italia, inda aka yi wani mummunan artabu, a bakin ƙofar baje kolin shanun take, kwana uku ina ratsa ta ban sani ba. Muka hau bas zuwa filin wasa na River Plate, inda a littafin mutanen gari suka yi sansani. Muna tsaye a waje ya ce a nan aka buga wasan ƙarshe na cin kofin duniya ranar 25 ga Yuni 1978, Ajantina ta ci Holan 3 da 1, kuma shi ma yana cikin waɗanda suka kwana suna ihu a titi. Sai ya nuna mini arewa da haɓarsa, ya ce mu taka.

Ba mu yi tafiyar minti 20 ba muka isa ESMA, tsohuwar makarantar koyon kanikanci ta sojojin ruwa. Farare ne gine-ginen, ga bishiyoyi, ga babban titi cike da motoci a gabansu. Bayan juyin mulkin 24 ga Maris 1976 da ya kawo Janar Jorge Videla, an tsare mutum kusan 5,000 a nan, kaɗan ne ƙwarai suka fita da rai. Waɗanda suka tsira sun ba da shaida cewa suna jin ihun 'yan kallo daga filin wasan. Shiga kyauta ne. Ginin da aka tsare mutanen an bar shi fayau, ba a ko yi masa fenti ba, domin har yanzu hujja ce a gaban kotu. Aka hau da mu can saman rufi inda ake kwantar da fursunoni a jere da buhu a ka da mari a ƙafa. Aka nuna mana ɗan ɗakin da ake ajiye masu ciki har su haihu, a ɗauke jaririn a ba wani gida, a kashe uwar. Aka sauko da mu ƙasa inda galibi ranar Laraba ake kawo fursunonin da aka kira lambobinsu, a ce za a yi musu canjin wuri, a yi musu allurar barci, a loda su a jirgin sama a watsa su cikin teku da ransu. Na san allurar, irinta muke yi wa dabba kafin tiyata. Na fita waje na zauna a kan dakali. UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya a 2023.

A kan dakalin ne dattijon ya ba ni sauran labarin. Oesterheld, wanda aka haifa a 1919 kuma ilimin duwatsu ya karanta, yana da 'ya'ya mata huɗu: Estela, Diana, Beatriz da Marina. Dukkansu sun shiga ƙungiyar 'yan tawaye ta Montoneros, shi ma ya bi su. Tsakanin 1976 da 1977 aka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta wuce shekara 25, biyu daga cikinsu da juna biyu. Shi kansa an sace shi a Afrilun 1977. Ba a ESMA aka tsare shi ba, an gan shi a wasu wuraren, ciki har da wanda ake kira El Vesubio, ya rame ya lalace. Gawar Beatriz kaɗai aka miƙa wa uwarsu, Elsa Sánchez, wadda ta rayu har 2015 tana neman jikokin nan biyu da ya kamata a ce an haifa a tsare.

Ba zan mayar da shi waliyyi ba. Montoneros ƙungiya ce mai ɗauke da makamai, ta kashe mutane, ta dasa bama-bamai. Dattijon da kansa ya ce kashi na biyu na labarin, wanda Oesterheld ya rubuta a ɓoye a 1976, ya fi na farko zafi da kaushi, jarumin ya zama mai sadaukar da mutane don a ci yaƙi, kuma shi bai taɓa son sa ba. Mutumin da ya rubuta mutuwar mai butar kofi, wanda kuma tun a shekarun 1950 ya ƙirƙiro Ernie Pike, labaran Yaƙin Duniya na Biyu da ba su da jarumi ko mugu sai mutanen da yaƙi ya cinye, ya ƙare yana ganin bindiga ce mafita. Wannan ya dame ni, kuma har yau yana damuna. Amma ko me ya yi, akwai kotu a ƙasar. Ba a kai shi ba, ba a kai 'ya'yansa ba.

Ranar Alhamis da ƙarfe uku da rabi na je dandalin Plaza de Mayo, gaban fadar shugaban ƙasa. Mata 14 ne suka fara taruwa a nan ranar 30 ga Afrilu 1977 suna tambayar inda 'ya'yansu suke. Da yake an hana taro, 'yan sanda suka ce su yi gaba, sai suka fara zagaye dandalin bibbiyu, kuma zagayen nan ne ake yi har yau. Farin kallabin da suke ɗaurawa asalinsa ƙyallen kunzugun jarirai ne. Wadda ta jagorance su, Azucena Villaflor, ita ma an sace ta a Disambar wannan shekarar aka jefa ta teku, ruwa ya dawo da gawarta, ba a gane ta ba sai 2005, yanzu tokarta na binne a tsakiyar dandalin. Iyayen da suka rage 'yan kaɗan ne, wasu a keken guragu ake tura su. Ana kiran suna a lasifika, jama'a su amsa da "presente", wato yana nan. Wata tsohuwa da hoton saurayi a ƙirjinta ta wuce ta gabana, tafiyarta irin ta Gwaggo ce, ta mai ciwon gwiwa.

A nan na yi ta kwatanta mu da su. Mu mutane ne masu gaggawar sutura: a yi wanka, a yi sallah, a kai mutum makwancinsa kafin rana ta faɗi, a yi zaman makoki, a yi haƙuri. Amma wanda ya ɓata fa? Fiƙihunmu na Malikiyya ya tanadi hukunci ga matarsa, ta kai ƙara wurin alƙali, a yi cigiya, ta jira shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Haka matar yayana ta yi, ta yi aure, ba wanda ya ga laifinta. Ga uwa kuwa babu wani wa'adi. Ƙungiyar Red Cross ta duniya ta yi rajistar mutum sama da 20,000 da suka ɓata a Najeriya, mafi yawansu a rikicin arewa maso gabas. Ban san wani bango a ƙasarmu da aka rubuta sunayensu ba. A Buenos Aires kuwa ko a kan daɓen titi za ka taka tayil mai launi da ke cewa a nan aka ɗauke wane, ranar kaza. Ba wai sun daidaita a tsakaninsu ba ne: hukumar bincike ta 1984 ta tattara sunaye kusan 9,000, ƙungiyoyin kare haƙƙi suna cewa 30,000, gwamnatin Javier Milei tana musanta wannan adadi kuma ta rage ma'aikata da kuɗin wuraren tunawa. Rigima ce sosai, amma a fili ake yin ta. Da Netflix ta fitar da fim ɗin El Eternauta a ƙarshen Afrilun 2025, sai mutane suka bi allunan tallarsa suna manna hotunan Oesterheld da 'ya'yansa a kai, kuma ƙungiyar kakannin da ke neman jariran da aka sace, wadda ta riga ta gano sama da 130, ta ce masu zuwa tambayar asalinsu sun ƙaru.

Ranar ƙarshe na je Parque de la Memoria ni kaɗai, a bakin kogin Río de la Plata, wanda faɗinsa ba ya bari ka hango ɗaya gaɓar. Dogayen bangaye ne huɗu na dutse, an jera sunaye bisa shekara da harafi, kowane da shekarun mai shi, mace mai ciki an rubuta a gefen sunanta. Duwatsu da yawa babu rubutu, ana jiran sunayensu. A cikin ruwan akwai mutum-mutumin wani yaro ɗan shekara 14 a tsaye, ya juya wa gari baya. Jirage na ta tashi daga filin jirgin da ke kusa suna wucewa ta saman kai. Na bi harafin O da yatsa har na same su, hannuna ya ƙage don sanyi.

A jirgin dawowa na ƙarasa littafin, domin dattijon ya ce na tafi da shi. Juan Salvo ya faɗa cikin wata na'ura da ta jefa shi yawo cikin zamani yana neman matarsa da 'yarsa, har ya bayyana a ɗakin wani marubucin labarin zane a 1959 ya ba shi labarin duka. Da ya gane cewa mamayar sai 1963 za ta faru, sai ya ruga gida, ya tarar da iyalinsa lafiya, nan take ya manta komai. Aka bar marubucin shi kaɗai a titi da abin da ya ji, yana tunanin ko buga labarin zai hana abin faruwa.

A Kano zafi da ƙamshin ƙasar damina suka tare ni. Kwana biyu bayan nan na kai wa Gwaggo tsarabarta, gwangwanin madarar da suke dafawa da sukari har ta yi ja, da mayafin ulu. Ta tambaye ni hanya, ta tambayi abincinsu, ta yi dariyar kilishi har da hawaye. Ba ta tambaye ni ko na gan shi ba. Ni ne na ciro waya na nuna mata hoton bangon, na yi mata bayanin abin da aka rubuta. Ta karɓi wayar ta matso da ita kusa da idonta, ta daɗe tana kallo.

"Har da shekarunsu ake sawa?"

Na ce har da su, Gwaggo.

"Talatin da ɗaya," in ji ta. Ta miƙo mini wayar, ta ƙwala wa jikarta kira ta kawo mini ruwa.